Inuwa a Kan Matakala

Shafi na 12

Sannunku da haƙurin jira. Inda muka tsaya, Auta ta dawo gida daga yawon ɗaukar hoto a ƙasashen duniya, ta tarar mahaifinta bai gane ta ba. A gyara zama.

Yadda Yaya ta shiga da faranti ɗakin Baba, haka ta fito da shi. Ko cokalin bai gusa daga inda ta ajiye shi ba.

Ta dire farantin a kan teburin kicin, ta ajiye ƙwayoyin maganinsa a gefe, ta ja kujera ta zauna. Auta na ɗaya gefen teburin da kwamfutarta, tana tace hotunan wani dutse mai hular ƙanƙara da wata mujalla ke jira. Ta ɗago kai.

"Har yanzu?"

"Har yanzu."

Tun jiya da suka dawo daga ganin likita Baba ya rufe bakinsa. Ba abinci, ba shayi, ba magani. Yaya ta lallaɓa, ta yi faɗa, ta yi fushin ƙarya, duk a banza. Da ta kira likitan ya ce mata idan rana ta faɗi bai sa komai a cikinsa ba, a kawo shi a kwantar. Kuma Yaya ta san abin da gadon asibiti ke yi wa Baba. Wancan karon da aka kwantar da shi, ya shiga da sunayen mutane da yawa a kansa, ya fito da kaɗan.

Ta ce wa Auta abu ɗaya yake ta maimaitawa, wai ta tafi, an fitar da ita. Ita dai ta ɗauka marigayiya mahaifiyarsu ce ta faɗo masa a rai, duk da ya daɗe bai ambace ta ba.

Auta ta janye hannu daga kwamfutar. Can ta ce, cikin muryar wanda ya ɓoye kyauta ya gaji da jiran a gani, "Ko sabon hoton bai sa shi murmushi ba?"

"Wane sabon hoto?"

"Na bangon gaban kujerarsa. Jiya da kuka fita na canja shi."

Yaya ta dube ta, irin duban da takan yi mata tun suna yara idan ta fasa wani abu. Sannan ta tashi ta nufi ɗakin Baba, ta leƙa daga bakin ƙofa, ta dawo a hankali tana dafa bango.

Duk mai bin wannan labari ya san bangon nan. Baba tsohon mai shagon hoto ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsayar da mutane a gaban wani labule da aka zana wa ruwa mai gangarowa daga kan dutse, shi kuwa bai taɓa ganin irin ruwan da idonsa ba. Da autarsa ta kama sana'ar ta zarce shi, ta shiga duniya, duk inda ta je sai ta wanke hoto ɗaya ta aiko masa. Hasumiyoyi, kaburburan mutanen da, duwatsun da iska ta sassaƙa, gadar da aka gina don tunawa da wani yaƙi. An san Auta da abu ɗaya: hotonta ba kowa a ciki. Takan riga masu yawon buɗe ido isa wuri, ko ta zauna a gefe har na ƙarshensu ya gaji ya tafi. Wanda ya ƙi tafiya kuwa, ta goge shi a kwamfuta.

Hoto ɗaya ne ya fita daban, na tafiyarta ta farko. Wani farin ginshiƙi ne a kan tudu a bakin teku, da aka kafa don tunawa da masuntan da suka fita ba su dawo ba. Ranar ta yi garaje, rana na bayanta, inuwarta ta kwanta a kan matakalar ginshiƙin ba ta lura ba.

Shi ta gani jiya. Ya koɗe, gefensa ya nannaɗe, ƙasansa duk maiƙon yatsa. Kunya ta kama ta. Ta tafi wurin masu wanke hoto ta sa aka fitar da wani babba, tsaf, matakalar fara sol, aka sa masa firem, ta rataye.

"Ina tsohon?" in ji Yaya.

"Na zuba a shara."

"Kin zuba a shara."

"Yaya, ya lalace. Kuma akwai kuskure a ciki."

"Kuskure." Yaya ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Ke Auta, kuskuren nan shi ke karyawa da Baba kullum safe."

Auta ba ta gane ba, don haka Yaya ta zauna ta yi mata bayani, ba tare da ɗaga murya ba, tana juya cokalin a cikin farantin da ya huce.

Ta ce tun lokacin da mantuwa ta fara kama shi, duk hoton da ya iso sai ya ɗauko ɗan gilashinsa mai ƙara girman abu, ya bi shi kusurwa kusurwa. Ita ta zaci aikin yake dubawa, irin na tsohon gwani. Sai wata rana ta ji yana cewa nan ma ba ta nan. Ashe 'yarsa yake nema. A gilashin tagogi yake nemanta, a cikin ruwan da ya kwanta a ƙasa, a jikin duk wani ƙarfe mai sheƙi. Bai same ta ba sai a kan matakalar nan. Daga ranar ya sa aka juya kujerarsa ta fuskanci hoton. Da safe ba ya taɓa shayi sai ya sa yatsa a kan inuwar ya tambaye ta ko ta karya. In zai kwanta ya ce mata ta shiga ciki, sanyi ya sauko. Magani ma da ita ake ba shi, sai an ce masa Auta fa tana kallonka sannan ya buɗe baki.

"Maiƙon yatsan da kika gani ke nan."

Auta ta rufe kwamfutar. 

"Amma shi ya hana," ta ce. "Shi da bakinsa. Mai hoto ba ya shiga hoton mutane. Ina ƙarama ya sa na sake ɗaukar wani ango har sai da mutumin ya yi gumi, don kawai inuwar kaina ta taɓa takalminsa."

"Wancan Baban mai shago ne. Wannan na cikin ɗaki tsoho ne da ke neman 'yarsa."

"Ta yaya ma ya san ni ce? Baƙin abu ne kawai a ƙasa."

"Gwiwar hannunki. Wa ke ɗaga ta haka in ba ke ba? Kamar kaza za ta tashi sama, in ji shi."

Da wani lokaci ne da sun yi dariya tare. Yaya ta sauke ido kan farantin.

"Ni da nake wanke shi, nake yanke masa farce, kin san sunana a wurinsa? Mai shayi. Ban taɓa jin haushi ba, don na ga yana da wadda yake kira da suna. Kin aiko masa da duniya kaf, Auta, ba mutum ko ɗaya a ciki. Ɗan abin da ya tsira daga hannunki, kin zo har gida kin share."

Auta ba ta tsaya neman takalmi ba. Ta fita ƙofar gida ta buɗe garwar shara. Wayam, sai ɗan ruwa a ƙasa da ɓawon lemo da ya manne. Motar kwasar shara ta wuce tun da safe. Ta tsaya a bakin titi tana duban hagu da dama, kamar motar za ta ji tausayinta ta juyo. Wata maƙwabciya da ke shanya ta gaishe ta da gaisuwar baƙi, don ita ma ba ta gane ta ba.

Ta koma ciki ta sake buɗe kwamfutar. Ta san abin da za ta tarar tun kafin ta duba. Shekarun baya, lokacin da aka fara baje kolin hotunanta, ta goge inuwar daga asalin hoton, ta ajiye mai tsabtar a kansa, don ba ta son wata rana wani ya gani. Ta bi duk ma'ajinta. Ginshiƙi, teku, matakala fara sol.

Ta ce za ta iya zana wata inuwar ta ɗora, a wanke kafin yamma.

Yaya ta tambaye ta ko mutumin da jiya ya gaya wa likita cewa fitilar ofishinsa ba ta zauna daidai ba, tana ɓata masa rabin fuska, shi za a yi wa wannan wayon. Sunaye ya manta, ba haske ba.

Duk da haka Auta ta gwada. Abin da ya fito kamar an zubar da tawada a kan matakala. Ita da kanta ta goge.

Rana ta karkata. Yaya ta shiga ɗakinta tana haɗa wa Baba kayan asibiti, ana jin buɗewa da rufewar durowa. Auta ta daɗe tsaye a bakin ƙofarsa kafin ta yi sallama ta shiga.

Ɗakin da duhu, labule a sake. Yana zaune a kujerarsa, bayansa ga taga, fuskarsa ga sabon hoton, gilashinsa na dubawa a kan cinya. Ya amsa sallamar da ladabi, yadda yake amsa wa masu shigowa shago a da.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Hoto za a yi? Mun rufe."

"A'a Baba. Gaishe ka na zo yi."

"Madalla."

Ta durƙusa a gefen kujerar. Leɓɓansa sun bushe. Ta miƙa masa kofin ruwa, ya kawar da kai ba tare da ya dube shi ba.

"Baiwar Allah, da kike shigowa ba ki ga wata yarinya ba? Da kyamara. A nan take tsayawa." Ya nuna matakalar. "Ta daɗe a nan. Ba ta da hayaniya."

"Baba, ni ce. Ni ce Auta."

Ya juyo ya dube ta sosai, da tausayi, kamar yana jin kunyar gyara wa baƙuwa magana. Ya ce Allah ya yi mata albarka, amma tasa Autar ba ta kai haka ba. Sannan ya mayar da ido bango.

"Ƙila fushi ta yi. Na cika faɗa a kan aiki. Kullum matsa gefe, matsa gefe, kina shiga hoto. To ga shi ta matsa."

Auta ta sa bayan hannu ta toshe bakinta.

Ta tashi ta koma bayansa don kar ya ga fuskarta. Daga nan tana ganin ƙeyarsa, furfurar da Yaya ta aske, kafaɗun da suka shige cikin riga. Ta kai idonta bango, hoto bayan hoto, ta tuna kowane wuri. Ta tuna ɗakunan otal masu gado ɗaya, da cin abinci a tsaye a tashar jirgi, da yadda takan zauna a kan dutse mai sanyi tana addu'ar mutane su watse. Yawancin wuraren da ke bangon an gina su ne don kar a manta da wasu. Ita kuwa sai yanzu ta lura, a cikin dubban hotunan da ke kwamfutarta babu na Baba ko ɗaya.

Daga tsakar gida ta ji Yaya na waya da mai tasi, tana kwatanta masa layin.

Auta ta fita ta ɗauko kyamararta. Ba wata dabara a ranta. So take kawai ta ɗauke shi a kujerarsa, a ɗakinsa, kafin a fita da shi, don ba ta san da wane Baban za a dawo ba. Ta duba ta ga hasken bai isa ba. Ta kai hannu ta yaye labulen.

Rana ta yi ƙasa, tana daf da rufin benen da ke tsallaken titi. Haskenta ya shigo a miƙe, ja, ya cika bangon.

Auta ta tsaya a bayan kujerar, ɗan gefe kaɗan. Ta ɗaga kyamara ta kai ido. A cikin madubin kyamarar ta ga gefen fuskar Baba, ta ga farin ginshiƙin, sai kuma wani baƙin abu da ya hau bango ya kwanta a kan matakalar. Kai, kafaɗa, da gwiwar hannu a sama.

Jikinta ya riga tunaninta. Ƙafarta ta fara matsawa gefe, yadda ta saba duk tsawon shekarun nan.

"Tsaya."

Muryar Baba ce, amma ba wadda ya gaishe ta da ita ba. Muryar shago ce.

Ta tsaya da ƙafa ɗaya a gaba.

Yaya ta iso bakin ƙofa da jaka a hannu. Ta dubi bango, ta dubi ƙanwarta, ta ajiye jakar a ƙasa ba ƙara. Da leɓe kawai ta ce mata kar ki motsa.

Baba ya sunkuyo gaba. Ya miƙa yatsa har ya taɓa wurin da ya saba taɓawa.

"Ina kika shiga?"



"Kin girma," ya ce. "Dubi yadda kika cika matakala."

Yaya ta zame ta fita, ta dawo da farantin da kofin shayi mai ɗumi. Ta durƙusa a gefensa, ta ce da muryarta ta kullum, ga Auta fa tana kallonka. Ya karɓi ƙwayoyin ya haɗiye da shayin, idonsa na bango. Ta ɗebo cokali ɗaya. Ya ci. Ta ɗebo na biyu, ya karɓi cokalin da kansa.

"Mai shayi, kin ga ta dawo."

"Na gani, Baba."

"Na ce miki ba ta da riƙo."

Hawaye na bin kuncin Auta suna shiga bakinta, ba halin sharewa. Hannunta ya fara tsami. Ta taɓa tsayawa haka a gaban wani ruwa mai zubowa daga sama har yatsunta suka daskare, tana jiran gajimare ya gusa, amma ba ta taɓa jin nauyin kyamara irin na yau ba.

Ta saci kallon ƙasan bangon. Duhu ya fara hawowa daga can. Rana na shigewa bayan benen, kuma layin duhun na tafiya sama a hankali, ya cinye ƙafar teburi, ya kama gindin firem. In ya kai matakala, inuwarta za ta narke a cikinsa, a gaban idonsa, karo na biyu.

Yaya ma ta gani. Ta dubi taga, ta dubi farantin da ko rabi bai yi ba.

A waje mai tasi ya danna ham.

Baba ya tsaya da cokali a hannu, ya karkata kai yana nazarin inuwar, irin nazarin da yakan yi wa hoto kafin ya miƙa wa mai shi. Ya tsuke baki.

"Har yanzu ba ki daina ba. Sauke gwiwar hannun nan. Sau nawa zan gaya miki? Kamar kaza za ta tashi sama."

Yaya ta girgiza mata kai da sauri. Tsohuwar inuwar ba ta taɓa amsawa ba. Shekara da shekaru yana mata wannan faɗan tana nan yadda take, kuma da haka ya saba. Ba wanda ya san abin da zai faru in ta motsa.

Auta ta dubi layin duhun. Ya taɓa matakalar farko.

Ta sauke gwiwar hannunta a hankali, ta manne ta da haƙarƙarinta, yadda ya koya mata tun kanta bai kai teburin shago ba.

A bango, inuwar ta yi biyayya.

Cokalin ya faɗi a kan faranti.

Baba ya ƙura wa bangon ido. Ya ɗaga nasa hannun cikin hasken, ya ga inuwar hannunsa ta fito kusa da tata. Ya motsa yatsu, ta motsa. Ya sauke.

"Wannan ba ta cikin takarda ba ce," ya ce, a hankali, kamar yana koya wa wani. "In inuwa tana gabana, haske yana bayana. Mai ita kuma yana tsakani."

Ya dafa hannun kujera. Yaya ta kai hannu za ta taimaka, ya ture shi. Ya juyo da kafaɗa, ya juyo da wuya, yana ƙanƙance ido saboda sauran ranar da ke tagar.

Abin da ya gani mace ce tsaye, haske ya zagaye ta, kyamara ta rufe mata fuska.

Mai tasi ya sake danna ham. Ba wanda ya motsa.

"Ke mai hoto," in ji Baba. "Sauke kyamarar nan in ga fuskarki."

Duhu ya rufe matakala. Auta ta cire ido daga madubin, ta fara saukewa.